Jinkarmu a Birnin Kano

Ni ne mutumin Madarumfa na farko da ya taɓa neman ɗakin haya a birni. Ina so a rubuta wannan a ajiye, domin na ga yaran yanzu suna dawowa daga Maraɗi suna kukan tsadar ɗaki kamar su suka ƙirƙiro ta. Wanda ke da ja ya kawo shaida, in ya samu wanda ya rage da rai. Karatuna bai yi nisa ba, wannan na yarda. Allo na kai daidai inda malam ya gaji da ni, boko kuma da furfura na tsince shi a lakkwal, wato makarantar yaƙi da jahilci ta manya. Amma abin da na gani da idona ba sai an gyara mini shi ba.

Abin ya faru ƴan shekaru kafin Nasara su shigo ƙasar nan, lokacin kuɗi wuri ne, ni kuma haƙorana duk suna nan.

A shekarar nan gero bai yi ba, rumbunanmu suka tsaya a rabi. Sai Allah ya rama mana ta ruwa: da rani tafkin garinmu ya ja baya, kifi ya taru wuri ɗaya, gidanmu kaf muka faɗa ruwa da goran iyo da ragar koma. Mata suka yi ta banda har idanunsu suka yi ja. Tarwaɗa ta cika kwanduna, ta cika zaure, kasuwannin kusa suka ƙoshi, a kasuwar Safo har ana ba ka gyara kafin ka taya. Wan mahaifina, wanda ke riƙe da gida, ya ce a kai Kano, ya ji labari can mutane ba su ƙirguwa. Ya zaɓe ni da taubashina, ɗan gwaggona. Tun muna yara yake cewa ni bawansa ne, ni kuma ina cewa shi ne nawa, har ya mutu ba mu raba gardamar ba.

Da za mu tashi tsohon ya dafa kwando ya ce, "Kifin ga shi ne hatsinmu na damina. Ku saida, ku auno gero. In laima ta taɓa shi, tsutsa za ta riga ku kasuwa. Ku kam ko ruwa ya buge ku, za ku bushe."

Muka bi ayarin fatake da jakunanmu. Zamanin nan babu shiri tsakanin ƙasarmu da ƙasar Kano, madugu ya ce in an tambaye mu daga ina, mu ce daga arewa mu yi shiru. Muka isa bazara ta yi nisa. Kowace la'asar hadari na leƙowa daga gabas, ya dube mu, ya koma.

Dillalan kifi a kasuwa su ma sun dube mu, sun dubi gabas. Suka taya kayan gaba ɗaya da abin da ko geron wata guda ba zai auna ba. Ɗayansu ya ce, "Ku yi tunani, samari. Mu ba ma sauri. Sama ce ke sauri." Nan muka gane cewa in ba mu sami busasshen ɗaki muka ajiye kifin muna saidawa a hankali ba, to kyauta za mu bayar, ko ga dillalai ko ga tsutsa.

To, neman ɗaki a wurinmu ba aiki ba ne. A Madarumfa baƙo ya yi sallama, a share masa ɗaki, a kai masa fura, sai ya kwana ya huta a tambaye shi ko shi wane ne. Haka muka ɗauka ake yi ko'ina Musulmi suke. Muka zaɓi wani zaure mai kyau, da zane a goshinsa, wani mutum na zaune ciki yana ɗinkin riga.

"Salamu alaikum. Baƙi ne."

"Baƙin wa?"

Taubashina ya ce, "Baƙin Allah."

"To, Allah ya ba ku masauki," in ji shi, ya mayar da kai kan allurarsa.

Muka tsaya muna jiran ragowar maganar. Babu ragowa.

Wani mai tausayi ya ce mu je wurin fatoma, wato mai saukar da fatake, wanda ke ba su ɗaki ya ci la'ada a kan kayansu. Muka same shi kan buzu, ƙaton mutum, ana yi masa fifita.

"Me kuka kawo?"

"Kifi, Maigida."

"Na sani. Tun kuna ƙofar gari na ji. Don al'ada nake tambaya. Daga ina?"

"Arewa."

"Arewa da faɗi." Ya dubi tsagar da ke fuskokinmu, ya karkace kai. "A'a. Ku ne masu zuwa mana da dawaki kuna kore shanu?"

Na fara duban hanyar gudu. Taubashina kuwa ko gezau. Ya ce, "Maigida, ni dokina gora ne, cikin ruwa nike hawa nai. Ran da ka ga na kawo maka hari, to Kano ta zama tafki."

Fatoma ya yi dariya har mai fifita ya tsaya. Ya sa aka ba mu ruwa. Amma ɗaki babu. Ya ce ɗakunansa goro ke ciki, goro kuwa ko hayaƙi ba ya so, balle tarwaɗa. Ya ce mu nemi ɗakin sufuri, abin da yanzu ake kira haya: ka biya mai gida, ya bar ka ka zauna. Na sa ya sake faɗa. Na ɗauka wasa yake, irin a ce ka biya kafin ka zauna a inuwar tsamiya.

Ya haɗa mu da wani dillalin ɗakuna, siririn mutum mai babbar riga ɗaya, wadda daga nesa ka ce attajiri ne, in ya ɗaga hannu ka ga haƙarƙari. Sharaɗinsa shi ne ladan ƙafa: duk ɗakin da ya nuna mana, tarwaɗa guda, mun karɓa ko ba mu karɓa ba. Yana jefa ta cikin aljihu. Kafin azahar ƙudaje sun san shi.

Ɗakin farko yana bayan marina. Na dafa bango, hannuna ya jiƙe ya yi shuɗi. Dillali ya ce wannan sanyi ne, wasu har ƙari suke biya dominsa. Na biyu wani ɗan lungu ne da aka yi wa ƙofa. Taubashina ya shiga ya kwanta don gwaji, ƙafafunsa suka rage a waje tun daga gwiwa.

"Malam, ragowata fa?"

"A birni ba a miƙe ƙafa," in ji dillali. "Lanƙwashewa ake yi."

Da mai ɗakin ya faɗi abin da za a biya, na tambaye shi ko da gidan duka yake nufi, har da akuyar da ke tsakar gida. Bai yi dariya ba. Na lura mutanen birni ba sa dariya in ana maganar ɗaki.

Akwai wani da ya yi mana kyau ƙwarai, busasshe, da daɓe, da ƙyaure. Har mun fara lissafin inda za mu jera kwanduna, mai gidan ya ce shi ba ya ba gwauraye. Muka ce muna da mata a gida, ni har da ɗiya. Ya ce matar da ke bakin tafki ba ta hana mutum gwauranci a Kano. Na daɗe ina tunanin wannan magana, har yau ban sami inda zan kama ta ba.

Haka muka yi ta yawo. Muna kwana a zango, kwanduna a lulluɓe da tabarmi, kullum kifi na raguwa ta aljihun dillali. Wata la'asar har yayyafi ya sauka, ɗigo kaɗan, muka kwanta a kan kwandunan rub da ciki kamar kaji a kan ƙwai.

Washegari dillali ya ce saura wuri ɗaya, amma kada mu zage shi. Ya bi da mu wani lungu mai tsawo, ya nuna mana ɗaki a gefen gidan wani baduku. Bango lafiya lau, kauri kamar ganuwa, ƙasa a bushe, ƙofa na kallon lungu. Na ɗaga kai na ga shirwa tana shawagi. Rufin ya rufta tun daminar bara, baduku ya ce azara ta yi tsada, ba zai iya ba. Saboda haka abin da ya nema kaɗan ne. Muka yi musafaha gaban dillali.

Muna fita taubashina ya rungume ni yana dariya. "Bawana, ashe mutanen ga wawaye ne! Ɗaki guda sun yar don rufi! Mi ne rufi?"

Gaskiyarsa. A garinmu yaro bai isa aure ba sai ya iya jinka. A ƙasa ake yin ta: a kafa tsaiko, a yi tanka, a yanta ciyawa a baibaye, sannan a kira maƙwabta a ɗaga a ɗora kan bango, a sha fura, a watse. Muka koma muka auna kangon da igiya daga bango zuwa bango, kamar yadda muke yi a gida. Cikin ganuwar Kano akwai gonaki, mutum bai zata ba. Can muka sami kara da ciyawa, da kifi muka saya, can muka zauna muka yi ta. Ba don ni na yi ba, jinka ce ta gani ta faɗa. Tsini kamar na mashi, baibaya kamar an taje.

Da ta ƙare taubashina ya hau tudu ya yi kira irin na gida: "Jama'a, a zo a kama jinka!"

Jama'a kuwa suka zo. Suka kewaye mu, suka harɗe hannu, suna kallo. Can wani ya ce, "Nawa?"

"Nawa mi? Gayya ce!"

"Gayyar nawa?"

Ƴan dako muka ɗauka, su ma da kifi. Suka shiga ƙarƙashi suka ɗaga, muna gaba muna nuna hanya, yara na biye. Lafiya lau har bakin lungu. Nan jinka ta tsaya, domin lungun bai kai rabin faɗinta ba. Muka karkata ta, ta ƙi. Muka juya ta, ta ƙi. Babban ƴan dakon, wani mai wuya kamar turmi, ya ce a samo sanduna masu baki biyu, a tokare ta sama, ta bi ta kan katangu. Haka aka yi. Mutane na tafe a lungu, jinka na tafe a sama, gefenta na share kan katangar dama da ta hagu.

Mu da ke ƙasa ba mu san abin da na cikin gidaje ke gani ba. Su kuwa rufin ɗaki suka gani yana wucewa shi kaɗai ta saman katanga, a hankali, kamar mai neman wani. Wata mata ta ƙwalla ihu cewa aljanu na ƙaura. Muka ji akushi ya faɗi, kaji suka watse, wani tsoho ya fara karatu da ƙarfi. Wani maigida ya fito da tabarya, ya ga ƙafafun mutane, ya tsaya yana tunanin wanda zai buga. Taubashina ya shiga gaba yana shela, "Ku yi haƙuri, bayin Allah, jinka ce, wucewa za ta yi!"

Muka iso, aka ɗaga, aka ɗora. Ta zauna daram a kan bango huɗu.

Na shiga ciki don in yaba aikinmu. Tsakiya inuwa mai daɗi. Sai na ga haske a can gefe. Na juya, wani hasken. Kusurwa huɗu, kowace da ramin da akuya za ta faɗo ta ciki. Ya ku masu karatu, ku yi mana adalci. Mu tun da aka haife mu ɗaki kewayayye ne kamar ƙwarya. Mun shiga kangon nan, mun auna shi, mun zauna a cikinsa, amma ko sau ɗaya zuciyarmu ba ta ce mana kusurwa ma tana son rufi ba. Daga waje abin kamar an kifa malfa a kan akwati.

"Wa ya riƙe igiyar awo?" in ji taubashina.

"Kai."

"To bawa ba shi gyara ma ubangijinsa?"

Muka toshe kusurwoyin da zana da ragowar ciyawa. Muni kam ya yi muni, amma sama ta daina ganinmu. Muka shigo da kwanduna muka jera. Ƴan dako suka zauna bakin lungu suna cin ladansu.

Ba mu gama shan ruwa ba sai ga baduku, da dillali, da wani falke mai kanwa wanda shi ma ɗaki yake nema. Baduku ya shiga, ya ɗaga kai, ya yi ta gyaɗa shi.

"Madalla. Aiki ya yi. To, samari, sai mu sake magana."

"Wace magana, Baba? Mun yi musafaha."

"A kan kango muka yi musafaha. Wannan kuwa ɗaki ne. Ko ba ɗaki ba ne?" Ya juya ga dillali.

Dillali ya dubi sama da kyau, kamar alƙali, ya ce, "Tsakani da Allah, ɗaki ne."

Baduku ya faɗi sabon kuɗi, ya ce ga mai kanwa nan a shirye yake ya biya. Mai kanwa ya riga ya shige yana taka ƙasa da ƙafa, yana toshe hanci.

Na buɗe baki zan yi roƙo. Taubashina ya dafa kafaɗata. Muryarsa ta yi sanyi, abin da ban taɓa ji ba.

"Baba, bangon ga naka ne?"

"Nawa ne."

"Jinka fa?"

Baduku ya ce, "Taku ce, amma tana kan..."

"Bawana, fid da kifi. Kai mai wuya! Ku taso, da sauran aiki!"

Ban taɓa ganin an ɗaga jinka da sauri irin wannan ba. Mai kanwa na tsaye a tsakiyar ɗaki yana taya kuɗi, sai ya ga rana a kansa. Baduku na ihu, dillali na cewa a zauna a sasanta, ladan sasanci tarwaɗa biyu. Muka ɗaure wa jakuna kaya, jinka ta koma saman katangu, matar nan ta sake ihu cewa aljanu sun dawo.

Daɗin abin bai wuce tsawon lungun ba. Muna fitowa fili na dubi gabas, ta yi baƙi ƙirin har ƙasa. Wannan karon ba leƙe hadarin ya zo yi ba. Iska ta taso da ƙura da ganye, ta shiga ƙarƙashin jinka, ƙaramin ɗan dako ƙafafunsa suka bar ƙasa, sai da aka riƙo shi ta wando. Ga rufi, ga kifi, babu bango. Na ce a kifa ta a ƙasa mu tura kwanduna ciki, mai wuya ya ce nan hanyar ruwa ce, in an yi sama har gwiwa yake kaiwa. Muka ci gaba da tafiya ba mu san inda za mu ba, muka bar gidajen soro, muka fito gefen unguwa wajen gonaki, inda talakawa ke da ƴan bukkokinsu.

"Masu jinka! Kai, masu jinka! Ta sayarwa ce?"

Wata tsohuwa ce a kan turmi, tana fama da iska, tana ƙoƙarin danne tsohuwar tabarma a kan ɗakinta. Rufin ya zube, saura ƴan karare. Ɗakin kuwa kewayayye, irin namu. Na ji kamar na ga ɗan uwa.

"Ba ta sayarwa ba ce, Inna! Ɗaki muke nema, kifi gare mu, ba shi son ruwa!"

Ta sauko daga turmi, ta dubi jinka, ta dubi kwanduna, ta dubi sama. Ba ta yi sauri ba ko kaɗan.

"In kun tashi, jinka ta zauna."

"Ta zauna!"

"Kullum da abin miya."

"Da abin miya, Inna, don Allah, ga ɗigo ya fara!"

"Ba kan kifi nake so ba, tsakiya."

"Tsakiya!"

Aka yaye kararen, aka ɗora. Ta zauna kamar don ɗakin aka yi ta, sai dai ta fi shi faɗi, bakinta ya sauko ya zarce bango da kamu mai kyau ko'ina. Muka yi ta jidar kwanduna a guje, tsohuwa na ciki tana nuna inda za a ajiye, wasu kan gadonta na kara, wasu a rataye. Kwandon ƙarshe na shiga, sama ta ɓalle.

Muka sunkuya za mu bi shi. Tsohuwa ta tare ƙofa da muciya.

"Ina zuwa?"

"Ciki, Inna."

"Cikin ɗakin wa? Mijina ya rasu, amma unguwa ba ta rasu ba. Ƙattai biyu a ɗakina, gobe me za a ce?"

"Inna, ai haya muka yi!"

"Kifi na bai wa haya. Ku da bakinku kuka ce shi ne ba ya son ruwa. Ku ba masunta ba ne? Me ruwa zai yi muku wanda bai taɓa yi ba?"

Ta saki asabari. Muka tsuguna a ƙarƙashin bakin jinka, bayanmu a jikin bango, gwiwa a haɓa, ruwa na zuba ta gaban hancinmu kamar labule. Jakuna suka turo kawunansu su ma. Can muka ji ƙamshin miya daga ciki.

Taubashina ya ce, "Ka ga amfanin awona. Da na auna daidai, da yanzu kana cikin ruwa."

Nan muka zauna har kaya suka ƙare. Kifi bai ji ko ɗigo ba. Da damina ta kankama hanyoyi suka ɓaci, banda ta daina shigowa gari, dillalan nan da ba sa sauri suka riƙa zuwa da ƙafarsu har bakin gonaki, suna sallama da ladabi. Tsohuwa ke fito da kwando, mu muna ciniki daga ƙarƙashin jinka, in sun taya da raini ta leƙo ta zage su. Muka auni gero har jakuna na nishi. Ita kuma kumatunta suka ciko, maƙwabta suna tambayarta ko wane magani take sha.

Ran da za mu tashi ta rako mu har bakin hanya, ta ba mu ƙulli na dakuwa, ta sa mana albarka mai tsawo. Har mun yi nisa ta ƙwala kira. Muka tsaya, muka juyo da jakuna, a zatonmu mun manta wani abu.

"Samari! In za ku dawo baɗi, ɗakin ba shi da ƙyaure!"